Leviathan da Majalisar Mutum Shida: Yadda Ƙari Ɗaya Ya Dagula Wasan Taro a Europa Universalis IV

Ranar 27 ga Afrilu, 2021, kamfanin Paradox Interactive na ƙasar Suwidin ya saki wani ƙari mai suna Leviathan a kan wasansa na kwamfuta Europa Universalis IV, wato sababbin abubuwan da ake saya a ɗora wa ainihin wasan. Ba a yi mako guda ba, masu yabonsa a shafin Steam, kasuwar sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, suka koma ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na waɗanda suka rubuta ra'ayi, har ya zama abin da aka fi kushewa a duk kasuwar a lokacin. Wannan ɓangaren labarin an sha ba da shi. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne, a wasan taro, inda mutane da yawa ke haɗuwa ta intanet su yi wasa ɗaya tare, wanda bai sayi Leviathan ba ma ya kwana a ciki. Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, to a nan ruwan bai tambayi wanda ya kira shi ba.

Sai an san yadda wasan yake tafiya kafin a gane dalili. Europa Universalis IV ya fito a watan Agustan 2013. Mutum yana zaɓen ƙasa ɗaya a taswirar duniya, ya riƙe ta daga 11 ga Nuwamba, 1444, washegarin yaƙin Varna, har zuwa farkon 1821. Shekara 376 ke nan da 'yan makonni, kuma kwana-kwana ake ƙirga su. Akwai haraji, ciniki, aure tsakanin gidajen sarauta, ƙawance, yaƙi da sulhu. Abin da ya fi zinariya tsada a ciki shi ne makin sarauta, iri uku: na gudanarwa, na diflomasiyya da na soja. Kowane wata ana samun kaɗan, gwargwadon ƙwazon sarkin da ke kan gado, wanda ake auna shi daga 0 zuwa 6 a kowane fanni, da kuma mashawartan da aka ɗauka. Da makin nan ake sayen fasaha, da shi ake narkar da ƙasar da aka ci da yaƙi, da shi ake raya lardi. Raya lardin nan a riƙe shi a ka, domin a kansa rigimar Leviathan ta fi zafi.

Kamfanin ba ya sayar da wasa ya wuce. Tun daga Crusader Kings II a 2012 ya kama wata hanya: wasa ɗaya, a yi ta ɗora masa ƙari shekara da shekaru. A Europa Universalis IV an fara da Conquest of Paradise a Janairun 2014, aka bi da Wealth of Nations, Res Publica da Art of War duk a shekarar, sai El Dorado, Common Sense da The Cossacks a 2015, haka dai har Emperor a Yunin 2020. Kowane ƙari kuma ba ya zuwa shi kaɗai. Yana tafe da faci na kyauta, wanda ke gyara kurakurai, ya sake zanen taswira, ya canza lissafin abubuwa ga kowa. Ƙari sai ka ga dama ka saya. Faci kuwa Steam ne ke sauke maka shi ba tare da ya tambaye ka ba, sau da yawa kana barci.

Kyautar mai masauki

A wasan taro akwai wata ƙa'ida da ta sa mutane da yawa suka yafe wa kamfanin tsadar kayansa. Mutum ɗaya ne ke buɗe zama, shi ne mai masauki, saura su shigo wurinsa. Duk ƙarin da mai masauki ya mallaka kuma ya kunna, kowa a zaman zai yi wasa da shi ko bai saya ba. In ka cire kayan ado irin su kiɗa da kamannin sojoji, komai na dokokin wasa daga wurinsa yake fitowa. Haka abin yake a Hearts of Iron IV, haka a Crusader Kings III. Saboda haka majalisar abokai kan duba wanda ya fi kowa tara ƙari su ce shi zai riƙa buɗe zama, wasu ma har karo-karo suke yi su saya masa sabon da ya fito.

Kyauta ce, babu musu. Amma wanda ya ba ka ɗaki shi ke da makulli. Abin da mai masauki ya kunna ya zama dokar kowa, abin da ya kashe ya ɓace wa kowa. Kuma ajiyar wasa, wato inda aka adana shi don a ci gaba daga baya, tana tuna ƙarin da aka fara ta da su. Idan wutar mai masauki ta ɗauke, aka ce wani ya karɓa, shi kuwa ba shi da rabin abin da na farko yake da shi, sai a buɗe ajiyar a tarar wasu maɓallai sun ɓace, wasu tsare-tsaren da mutum ya gina ƙasarsa a kansu babu su.

Akwai kuma wani abu a ƙarƙashin wannan wanda ba a gani. Kwamfutar mai masauki ba ita ke lissafa duniya ta aiko wa saura hoto ba. Kowace kwamfuta a zaman tana lissafa duniyar gaba ɗaya da kanta, ɗaruruwan ƙasashe da dubban larduna, abin da ke yawo a intanet kawai umarnin 'yan wasa ne: wane ya tura runduna can, wane ya aika jakada. Muddin kowa ya fara daga wuri ɗaya da dokoki iri ɗaya, lissafin zai fito daidai a ko'ina. Shi ya sa a ƙasan allon farko akwai wani ɗan hatimi mai harafi huɗu kusa da lambar zubin wasan, wadda ke canzawa da kowane faci. In naka bai zo ɗaya da na mai masauki ba, ba za ka shiga ba. In kuma ana tsakiyar wasa lissafin wani ya kauce ko da ƙwayar zarra, sai sanarwa ta fito cewa kawunan kwamfutoci sun rabu. A allonka ka ci yaƙi, a allon abokinka an kashe maka runduna. Dole a tsaya, a adana, kowa ya sake shiga.

Daren da aka dawo zama

Mu ɗauki misalin majalisar mutum shida, irin wadda ake da dubbanta a lokacin. Sun fara wasa a kan zubi na 1.30, wanda ya zo da Emperor. Suna haɗuwa dare ɗaya a mako, awa uku ko huɗu. A wasan taro ba a gudu sosai, cikin matakan gudu biyar yawanci a na biyu ko na uku ake tafiya, a sauko ƙasa in yaƙin mutane ya ɓarke, don haka zama ɗaya bai fi ya ci shekara ashirin ko talatin na cikin wasa ba. Sun yi wata biyu, sun kai wajen 1600. Kamar yadda aka saba a irin wannan zama, ba a kiran kowa da sunansa, da ƙasarsa ake kiransa.

Mai masauki ne Faransa. Ya buɗe zama, biyar suna jira.

"Faransa, ba na ganin ɗakinka fa."

"Duba hatiminka, Ostiriya, me ya rubuta?"

Ostiriya ya karanto harafi huɗu. Ba su ne na Faransa ba. Shi Faransa tun da rana Steam ya sauke masa 1.31, mai suna Majapahit, ya kuma sayi Leviathan don ya yi wa jama'a bazata. Ostiriya kuwa intanet ɗinsa ba ƙarfi, saukewar ta tsaya a rabi. Usmaniyya da Ingila sun sabunta, Kastil bai ma san an yi wani faci ba. Aka ci rabin awa kafin hatimin mutum shida ya zama ɗaya. Sannan aka ɗauko ajiyar makon jiya, sai ga gargaɗi cewa an yi ta ne a tsohon zubi.

A nan ne gizo ke saƙar. Facin 1.31 ba ɗan gyaran lamba ba ne. Ya sake zana kudu maso gabashin Asiya, ya ƙara ƙasashe a Ostireliya da tsibiran tekun Pasifik, ya sake fasalin ƙabilun Arewacin Amurka daga tushe. Tsohuwar ajiya ba ta san da sababbin lardunan ba. In ma ta buɗe, za ta buɗe da ramuka a taswira da abubuwan da ba su haɗu ba, kuma a wasan da kwamfuta shida za su riƙa lissafi tare, ƙaramin rami ya isa ya raba musu kai kowane ɗan lokaci. Wannan ba laifin Leviathan kaɗai ba ne, duk babban facin da ya taɓa taswira haka yake yi. Bambancin wannan karon shi ne sabon zubin da ake cewa a koma kansa shi ma bai tsaya da ƙafarsa ba. 'Yan wasa sun kawo rahoton wasan yana mutuwa haka kawai, ajiya tana lalacewa, akwai wuraren da ba a ƙarasa rubutu ko zane ba, ga ƙabilun Arewacin Amurka suna tara bunƙasar da ta zarce ta manyan biranen duniya na zamanin.

Hanya uku ce a gaban majalisar. Ta farko, a watsar da wasan wata biyu a fara sabo a kan 1.31 da Leviathan a kunne. Ta biyu, a fara sabo amma mai masauki ya kashe Leviathan. Ta uku, kowa ya shiga saitin wasan a Steam, inda kamfanin ke ajiye tsofaffin zubi, ya mayar da nasa 1.30, a ci gaba daga 1600.

Hanya ta biyu ita ce mutane da yawa suka ɗauka za ta fisshe su, kuma ita ce ta fi nuna yadda abin yake. Kashe ƙarin yana cire sababbin maɓallan da aka saya ne kawai. Sabuwar taswira, sabon tsarin ƙabilu da yawancin abin da ke kashe wasan suna cikin facin kyauta, babu maɓallin kashe su. Wato wanda ya ƙi sayen Leviathan don ya tsira, bai tsira ba.

Hanya ta farko kuma tana da wata matsalar da ta fi tangarɗa wuyar sha'ani, kuma a ganina ita ce zuciyar lamarin.

Maɓallin da ke aiki daidai, amma yake ɓata zama

An tallata Leviathan a matsayin ƙarin da zai ba ƙaramar ƙasa hanyar yin ƙarfi ba tare da cin ƙasashen maƙwabta ba. Ya kawo neman alfarma a fadar wata ƙasa, inda jakadanka zai zauna yana tara maka bashin alheri, daga baya ka karɓe shi a kuɗi, ko mayaƙa, ko ka sa ƙasar ta warware ƙawancenta da wani. Ya kawo manyan gine-ginen tarihi da ake ɗaukakawa da kuɗi su ba da garaɓasa. Sai kuma abu biyu da suka shafi raya ƙasa: tattara bunƙasa, inda kake kwashe arzikin yankunan da ka mallaka ko na ƙasashen da ke ƙarƙashinka ka zuba a babban birninka, da wawashe babban birnin wanda ka ci da yaƙi, a matsayin sharaɗin sulhu.

A da, in kana so lardi ya ƙaru da maki ɗaya na bunƙasa, sai ka biya makin sarauta, farashin yana farawa daga 50 yana hawa yayin da lardin ke girma. Hawan farashin nan shi ne birki. Shi ke sa mutum ya zauna ya yi tunani: in raya birni, ko in sayi fasahar soja kafin maƙwabcina ya riga ni? Tattara bunƙasa ya zagaye birkin. Wanda ya fi kowa yankuna da barori shi zai fi kowa abin kwasa, ba tare da ya taɓa makinsa ba. Abin da aka ce an yi don ƙananan ƙasashe sai ya fi yi wa manya rana.

A wasan mutum ɗaya wannan bai dami kowa sosai ba. In ka ga abin ya yi yawa sai ka ƙi danna maɓallin, kwamfuta ba za ta yi maka dariya ba. Wasu ma sun ji daɗinsa, suna ɗaukar hoton birnin da suka kumbura suna nunawa. A wasan taro babu wannan zaɓin. Idan Usmaniyya ya danna, Ostiriya da ke iyaka da shi ko ya danna ko nan da shekara talatin a share shi. Mutum ɗaya ya isa ya tilasta wa biyar. Wawashe babban birni kuma ya canza ma'anar shan kaye. Majalisu masu daɗewa sun dogara ne da cewa wanda aka ci yau zai iya farfaɗowa: a karɓe masa larduna kaɗan, a yi zaman sulhu na shekara 5 zuwa 15, ya gyara kayansa ya dawo. Idan kowane kaye yana rage masa birnin da ya zuba makin shekara ɗari a ciki, kuma abin yana ƙaruwa a birnin wanda ya ci shi, to tazarar ba za ta sake rufuwa ba. Mutumin da ya ga ba shi da sauran fata kuwa ba ya faɗa, mako mai zuwa ne kawai za a ji ya ce wani uzuri ya taso. Kujerarsa ta koma hannun kwamfuta, maƙwabtansa su yi watandar ƙasar, daga nan wasan ya fara mutuwa.

Tangarɗa ana gyara ta da faci cikin kwanaki. Wannan kuwa ba tangarɗa ba ce, maɓallin yana yin abin da aka gina shi ya yi. Shi ya sa nake ganin wasan taro ne ma'aunin gaskiya na kowane ƙari. Kwamfuta ba ta neman ɓaraka da gangan, mutum kuwa da ita yake kwana, kuma a cikin mutum shida ba a rasa wanda zai karanta bayanin faci layi-layi tun daren da ya fito.

Majalisarmu ta misali hanya ta uku ta bi, kuma ita ce mai hankali. Sai dai tana da nata kuɗin. Faransa ya sayi ƙarin da ba zai taɓa shi ba har sai an ƙare wannan wasan, domin Leviathan ba ya aiki a 1.30. Duk wanda ke son ya ɗanɗana sabon zubi shi kaɗai a tsakiyar mako, sai ya sauke shi, ranar zama kuma ya sake komawa tsoho. Masu amfani da gyare-gyaren da 'yan wasa ke ƙerawa da kansu sun fi shan wuya, don mai gyaran yakan sabunta nasa ya bi sabon faci, hatimi ya sake canzawa, a wayi gari babu mai iya shiga ɗakin wani.

Abin da kamfanin ya yi

Leviathan shi ne ƙari na farko daga Paradox Tinto, sabon reshen da aka buɗe a 2020 a garin Sitges kusa da Basalona a Sifaniya, ƙarƙashin Johan Andersson, wanda yake cikin aikin Europa Universalis tun na farkonsa. An yi ta sakin ƙananan faci ɗaya bayan ɗaya a makonnin da suka biyo. A watan Mayu Andersson ya fito ya ba da haƙuri a rubuce, ya amsa cewa wannan na cikin mafi munin abin da suka taɓa saki, ya kuma ce raunin ingancin ya faro tun daga ƙarin Golden Century na 2018. Daga baya an rage wa tattara bunƙasa da wawashe birni ƙarfi. A Nuwamban 2021 zubi na 1.32 ya fito tare da Origins, ƙari mai sauƙin nauyi wanda bai cika wasan da sababbin maɓallai ba.

Ga mai wasa shi kaɗai, kowane ɗan faci albishir ne. Ga majalisa kuwa kowane ɗaya sabon hatimi ne, sabon daren "duba naka, me ya rubuta". Gyaran da kansa ya zama wani abin da ake gudu har sai ƙura ta lafa.

Akwai wani tsohon ciwo da wannan lamari ya fama. Tun 2015 raya lardi yana kulle ne a cikin Common Sense, alhali facin kyauta ya riga ya gina sauran wasan a kan bunƙasa. Wanda bai saya ba yana wasa da dokokin da suka ɗauka yana da maɓallin da ba shi da shi. Sai a zubi na 1.28, a ƙarshen 2018, aka buɗe wa kowa. A tsawon shekarun nan uku, wasan taro ne kaɗai wurin da marar ƙari yake taɓa cikakken wasan, albarkacin mai masauki. A Maris na 2021, wata guda kafin Leviathan, kamfanin ya fito da biyan wata-wata na dala 4.99 wanda ke buɗe duk ƙarin, abin da ya sauƙaƙa wa majalisu samun mai masauki na biyu in na farko ya faɗi. A Oktoban 2024 kuma aka narkar da Art of War, Common Sense da Rights of Man cikin ainihin wasan. Duk waɗannan sun rage matsalar wa ke da me. Ba su taɓa ɗaya matsalar ba, wato wasan da ke cin wata uku ko huɗu ana yin sa a kan ƙasar da za a iya sake zanawa a kowane lokaci.

Wannan majalisu ne suka magance wa kansu, da takardar dokoki. Kusan duk zaman da ya daɗe yana da ita, kuma in ka karanta za ka ga tabon kowane ƙarin da ya taɓa cizon su: kada a karɓi fiye da kaza a sulhu ɗaya, kada manyan ƙasashe biyu su ƙulla ƙawance, kada a ayyana yaƙi a kan wanda intanet ɗinsa ya yanke har sai ya dawo. Mutum shidan nan sun kai wasansu na 1.30 inda suka iya, aka tashi a wajen 1750 da yardar kowa, kamar yadda yawancin wasannin taro ke ƙarewa kafin 1821. Da za su fara sabo, Ostiriya ne ya karɓi rubutun dokoki. Layin farko lambar zubi ce da harafi huɗun hatimi, da sharaɗin ba mai sabuntawa sai an ƙare. Layi na biyu jerin ƙarin da aka kunna, da sunan wanda zai karɓi masauki in Faransa ya faɗi. Leviathan yana cikin jerin, an kunna shi saboda gine-ginen tarihi da neman alfarma. A layi na uku aka haramta wawashe babban birnin ɗan wasa, na kwamfuta kuwa aka ce kowa ya ci rabonsa.